Ruwan Madara ko Shuɗi Mai Haske?

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta aiko da tambaya: ruwan madara ko shuɗi mai haske, wanne za ta sa wa ɗakin kwananta?

To Hajiya, fara duba tagarki. In yamma take kallo, ranar la'asar kan mayar da ruwan madara rawaya-rawaya, nan shuɗin ya fi sanyaya ido. Sai dai ƙurar hunturu ta fi fitowa a jikinsa, ruwan madara kuwa yana ɓoye ta. Kada launin jikin gwangwanin fenti ya rufe miki ido. Ki sa mai fenti ya shafa kowanne sau biyu a bango, ya bushe, ki duba da rana, ki sake dubawa a hasken ƙwan lantarki. In akwai yara, ki nemi fentin mai, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.