Darasin Kimiyya: Idan Injin Haidurojin Ya Ƙi Kama Wuta a Kwamfuta

Idan mota ta ƙi tashi, abu uku bakanike yake fara dubawa: mai, iska da fulogi. Yau sawunsa za mu bi, sai dai injinmu kwaikwayo ne a cikin kwamfuta, da manhaja irin OpenFOAM, kuma haidurojin ne man da yake sha.

Ku fara riƙe wannan: haidurojin ba shi da wuyar kamawa. Tartsatsi mai ƙarfin milijul 0.02 ya isa ya kunna shi, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da fetur ke bukata. Yana ci da wuta muddin ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na iskar da ya gauraya da ita. Saboda haka idan ya ƙi kamawa a kwamfuta, alƙalumanmu za mu fara tuhuma.

Mu fara da gaurayen, domin nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma abin yana damuna. Haidurojin ba shi da nauyi: ƙwayarsa 2 ce a ma'auni, ta iska kusan 29. Kason haidurojin a gaurayen da ya dace, idan da nauyi aka auna, 0.028 ne, idan da yawan ƙwayoyi ne, 0.295. Wanda ya rubuta 0.028 a gurbin yawan ƙwayoyi ya ba injinsa kashi 2.8 kacal, bai kai 4 ba. Ko ya kwana yana ƙara tartsatsi, wuta ba za ta tashi ba.

Sai zafi. Manhajar da ma'aunin Kelbin take lissafi. In ka rubuta 600 da nufin Salshiyos, digiri 327 na Salshiyos ka ba ta, alhali haidurojin ba ya kamawa da kansa sai wajen digiri 585.

Na uku, fulogi. Kwamfuta tana yanka silinda gida-gida kamar raga. Idan gidajen sun yi girma a bakin fulogi, zafin tartsatsin sai ya baje ya huce kafin ya kunna komai. Ku ƙanƙanta su a wurin, ku rage tazarar lokacin lissafi, sannan ku tabbata tartsatsin ya faɗo dab da fistin ya kai ƙololuwa.

Shaidar kamawa ita ce hauhawar sinadarin OH da matsin iska tare. Aikin gida: ku gwada gaurayen 0.028 da na 0.295 a gurbin yawan ƙwayoyi, ku zana jadawalin OH na kowanne, mu kwatanta ranar Litinin.