AWON JIKIN KIFI: YADDA AKE RARRABE TARWAƊA DA DANGINTA

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A kogunan Nijeriya akwai kifaye masu gashin baki da santsin jiki waɗanda ido ba ya iya raba su farat ɗaya. Mai kiwon kifi da ya sayi iri bisa kamanni kawai yana iya shafe watanni yana ciyar da abin da bai yi nufin saye ba. Maganin wannan shi ne awo da ƙidaya.

1. Yadda ake awon

A shimfiɗa kifin a kan allon awo, kansa na fuskantar hagu. A auna daga bakin hanci zuwa gindin wutsiya, ban da wutsiyar kanta, domin takan gutsure. Wannan shi ne tsawon asali. Sai a auna tsawon kai, da faɗin jiki, da tsawon fiffiken baya.

Ba a kwatanta santimita da santimita, gama babban kifi ya fi ƙarami a kowane awo. Ana mai da kowane awo kashi bisa ɗari na tsawon asali. Misali, kifin da tsawonsa santimita 40 ne, kansa kuma santimita 12, to kansa kashi 30 ne bisa ɗari.

2. Tarwaɗa da ramboshi

Fiffiken bayan tarwaɗa guda ɗaya ne, dogo, ya kusa kai wutsiya. Ramboshi kuwa biyu gare shi: na gaba mai ƙayoyi, na baya na tsoka zalla. Akwai iri biyu sanannu na ramboshi. Na farko, Heterobranchus bidorsalis, ƙayoyin fiffikensa na gaba sukan kai 40 ko fiye. Na biyu, Heterobranchus longifilis, nasa ba su wuce 35 ba, fiffikensa na tsoka kuma ya fi tsawo. Idan aka haɗa tarwaɗa da ramboshi, abin da suka haifa yakan fito da ɗan guntun fiffiken tsoka. Irin wannan na kiwo ne don ci da sayarwa. Kada a ajiye shi don iri.

3. Tarwaɗa biyu masu kama

Clarias gariepinus da Clarias anguillaris sun yi kama ƙwarai, har awon waje ba ya wadatarwa. Sai a ɗaga marfin kunne, a ƙidaya ƴan haƙoran tacewa da ke jere a kan ƙashin numfashi na farko. Na farkon yana da 24 zuwa 110, na biyun 16 zuwa 50. Adadin yana ƙaruwa da girman kifi, saboda haka wajibi ne a kwatanta kifaye masu tsawo ɗaya. Da irin wannan nazari ne masani Guy Teugels ya nuna a 1982 cewa kifin da ake kira Clarias lazera shi ne dai Clarias gariepinus.

4. Abin kiyayewa

Kada a yanke hukunci da kifi ɗaya. A auna da dama, a rubuta. Kada a dogara ga launi, domin ruwa da taɓo suna sauya shi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in kula da kamun kifi na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa, Jihar Neja.