DARASI: ME YA SA AKE GOGE RUBUTUNKA A WIKIPEDIA? MATSALOLI BAKWAI DA MAGANINSU



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu albarka, ranar Asabar da ta wuce bayan mun tashi daga karatu a Samaru, wani ɗalibinmu ya tare ni a bakin masallaci, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, kwana uku na yi ina rubuta tarihin marigayi malaminmu a Wikipedia ta Hausa, na ƙarar da datata kaf, da safe na duba an share. Wallahi mutanen nan ba sa son Musulunci."

Na ce ya miƙo wayar, da yake ya ajiye kwafi. Sakin layi tara ne, babu madogara ko ɗaya. Kuma daga farko har ƙarshe kirari ne: kogin ilimi, fitilar zamani, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Na ce masa, "Ɗana, da wani zai kawo maka hadisi haka babu isnadi, za ka karɓa?" Ya yi shiru. Na ce, "To wanda ya share maka, mai yiwuwa ma Musulmi ne ɗan uwanka a Kano ko Katsina, da datarsa yake aikin kyauta kamar yadda kake yi."

Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi darasi a kai. Wikipedia, tun da aka buɗe ta a shekarar 2001, ta zama wurin da mutane ke fara faɗawa idan suna neman bayani. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da aka ba aikin gida a kan jihadin Shehu, can zai fara leƙawa kafin ya taka zuwa laburaren Kashim Ibrahim. Abin da aka rubuta a can game da addininmu da malamanmu da garuruwanmu, shi 'ya'yanmu za su haddace, daidai ne ko kuskure. Don haka wanda ya shiga gyara ya ɗauki amana. Kuma mafi yawan matsalolin da yake cin karo da su, maganinsu yana cikin tarbiyyar da muka gada a zauren karatu.

MATSALA TA FARKO: AN MAYAR DA GYARANA BAYA

Kafin ka yi fushi, shiga wurin duba tarihin shafin. Duk gyaran da aka taɓa yi yana nan da ranarsa da sunan wanda ya yi, kuma galibi wanda ya soke naka ya bar ɗan bayani. Yawanci dalilin ɗaya ne: ba ka kawo madogara ba.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi. Imam Muslim a muƙaddimar Sahihinsa ya ware babi guda a kan hana mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, kuma a cikin muƙaddimar ne ya kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak a kan matsayin isnadi a addini. To "na ji a majalisi" da "an turo a guruf" ba madogara ba ne a can, kamar yadda ba hujja ba ne a nan.

Abin da ake karɓa shi ne littafi da aka buga, ko mujallar ilimi, ko jarida mai edita. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan kamfanin NNPC ya buga littattafan Hausa masu yawa. Mai son rubutu a kan sarautar Zazzau yana da littafin M. G. Smith na 1960. Idan ka samu madogarar, ka sa ta a ƙarshen jimlar da take tabbatarwa, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi. Akwai maɓallin sa madogara a saman wurin gyara, in adireshin intanet ne ka manna shi, sau da yawa zai cike maka sauran da kansa. Sai ka duba ko ta fito a ƙasa wurin Manazarta.

MATSALA TA BIYU: AN SHARE MAƘALAR DUKKANTA

Irin abin da ya sami ɗalibin nan ke nan. Ƙa'idarsu ita ce, ba a buɗe wa mutum shafi sai idan wasu da ba su da alaƙa da shi sun yi rubutu mai yawa a kansa. Wannan ba awon daraja ba ne a wurin Allah, 'yan uwa. Malamai nawa ne suka karantar shekara arba'in a zaurukan cikin birni, babu jaridar da ta taɓa ambatonsu, alhali darajarsu ta wuce ta dubun waɗanda ke da shafi?

Idan malaminka yana cikin irin waɗannan, hanya ita ce a fara rubuta tarihinsa a waje. A tattara bayanai daga almajiransa, a buga littafi, a kai wa jarida. Bayan haka sai Wikipedia ta ɗauka. Kuma kafin ka saki sabuwar maƙala, fara gina ta a shafin gwaji na akawun ɗinka, ka nemi wani tsohon hannu ya duba maka.

MATSALA TA UKU: KIRARI DA SUKA

A can ba a wa'azi, ba a raddi. Za ka rubuta cewa an haifi wane a shekara kaza, ya yi karatu a wurin wane, ya rubuta littafi kaza. Idan wani masani ya yabe shi, ka ce wane ya ce kaza, ka kawo inda ya faɗa. Addu'a da kirari ka bar su a zuciyarka da harshenka.

A Wikipedia ta Turanci ma akwai ƙa'idar rubutu da ta sa suke cire alamar salati bayan sunan Annabi (SAW). Wasu sun ɓata lokaci suna mayarwa ana cirewa har aka toshe su. Kai dai ka yi salatinka da bakinka duk inda ka ci karo da sunansa, babu admin ɗin da zai hana ka wannan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaya ɓangaren. Ɗan Izala ya shiga shafin shehin Ɗarika ya saka baƙar magana, ɗan Ɗarika ya rama a shafin malamin Izala. Wallahi wannan ba jihadi ba ne, cin naman ɗan uwa ne, kuma rubuce yake da sunanka da ranar da ka yi. Idan mutumin yana raye, ƙa'idarsu ta fi tsanani: zargi babu madogara mai ƙarfi, nan take ake cire shi. Shari'armu ta riga su a wannan.

MATSALA TA HUƊU: NA GYARA, YA MAYAR, NA SAKE, YA SAKE

Wannan shi suke kira yaƙin gyara. A sashen Turanci, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ne mai gaskiya. Magani: in an soke maka sau ɗaya, ka tsaya. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa. Je can, yi sallama, kawo hujjarka, ka saurari tasa.

Sau da yawa za ka tarar ku duka kuna da gaskiya. Ga misali: ɗaya ya rubuta an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1168, ɗaya ya goge ya sa 1754. Na farko Hijiriyya yake nufi, na biyu Miladiyya. Haka rasuwarsa, 1232 ce kuma 1817 ce. Da an rubuta duka biyun an bayyana kowace, da babu rigima. Inda kuma littattafai suka saɓa da gaske, sai a kawo ƙaulin kowa da madogararsa, kamar yadda malaman fiƙihu suke yi.

MATSALA TA BIYAR: AN TOSHE NI BAN YI KOMAI BA

Wani bawan Allah mai gyaran waya a kasuwar Sabon Gari ya nuna mini wannan. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba, amma da ya danna gyara sai aka ce an toshe adireshinsa na IP. Dalili shi ne, kamfanonin layin waya suna raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa. Wani can ya yi ɓarna, aka toshe lambar, sai ta faɗo a kanka.

Ga abin yi. Na ɗaya, in VPN ɗinka a kunne yake, kashe shi, domin Wikipedia tana toshe irin waɗannan hanyoyin. Haka wasu burauza masu rage cin data, sai ka gwada wata. Na biyu, kashe datar ka sake kunnawa, ko ka canza layi, wani lokaci za a ba ka sabon adireshi. Na uku, in abin ya ƙi, karanta saƙon toshewar da kyau, akwai bayanin yadda ake neman a keɓe akawun ɗinka daga toshewar. Ka rubuta musu cikin ladabi, da sunan akawun ɗin da lambar da aka nuna maka.

Masu shirya bita a Islamiyya ko makaranta, ku lura: daga adireshi ɗaya ba a buɗe akawun fiye da 6 a rana. Ku ce kowa ya buɗe nasa daga gida kafin ranar, ya sa imel saboda mantuwar kalmar sirri. Kuma kowane mutum da nasa, ba a buɗe ɗaya da sunan majalisi ko ƙungiya kowa ya riƙa shiga.

MATSALA TA SHIDA: HARUFFA MASU LANƘWASA DA SUNAYE MASU KAMA

Kafa daban, ƙafa daban. Bata daban, ɓata daban. Wanda ba shi da ɓ da ɗ da ƙ a wayarsa ya shiga saitin kibod ya ƙara Hausa, Gboard yana da ita, kyauta ne.

Kafin ka buɗe sabuwar maƙala, nemi sunan ta kowace fuska: Ɗanfodiyo, Dan Fodio, Ɗan Fodiyo, Zariya, Zaria. Mutane da yawa sun sha wahalar rubuta abin da yake akwai da wani rubutun suna, daga baya aka haɗe ko aka share. In ka tarar sunan maƙala ba daidai ba ne, kada ka kwashe rubutun ka manna a sabon shafi, yin haka yana yanke silsilar waɗanda suka rubuta. Akwai hanyar sauya suna, tana buɗe wa akawun bayan 'yan kwanaki da buɗe shi.

Sannan ka bambance wurare. Akwai Samarun Zariya da ke ƙaramar hukumar Sabon Gari, akwai Samarun Kataf a kudancin Kaduna. Akwai Sabon Garin Zariya, akwai na Kano. In za ka haɗa kalma da wani shafi, buɗe shi ka tabbata shi kake nufi.

MATSALA TA BAKWAI: KWAFI DA FASSARAR NA'URA

Kwafo rubutun wani daga littafi ko jarida ka manna, ko da ka ambaci sunansa, ana share shi, domin duk abin da aka sa a Wikipedia an ba duniya izinin ɗauka ne, kai kuma ba ka da ikon kyautar da kayan wani. Karanta, fahimta, rufe littafin, rubuta da bakinka, sannan ka jingina. Hoto ma haka ne. Hoton malam da aka turo maka a WhatsApp ba naka ba ne. Wanda ka ɗauka da wayarka, na Ƙofar Doka ko na tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, shi za ka iya ɗorawa.

Ita kuwa fassarar na'ura, tana taimakawa amma ba ta san fiƙihu ba. Tana iya rikita sunna da mustahabbi, ta mayar da mace namiji a tsakiyar jimla. Duk jimlar da ba za ka iya karanta wa mahaifiyarka ta gane ba, kada ka wallafa ta. Maƙala ɗaya mai tsafta ta fi hamsin da aka zubo don a ci gasa.

Ƙarin nasiha saboda halin wuta da sabis a ƙasarmu: rubuta dogon abu a wurin ajiye rubutu na wayarka tukuna, ka riƙa wallafawa kaɗan-kaɗan. In aka ce wani ya riga ka gyara shafin kana tsakiyar naka, kada ka danne nasa, kwafe naka ka sake shigar da shi a kan sabon. Kuma kowane gyara ka bar ɗan bayanin abin da ka yi.

Ɗalibin nan da na ba ku labari ya dawo jiya. Ya ajiye maganar shafin tukuna, shi da abokansa biyu sun fara zagaya tsofaffin almajiran malamin suna ɗaukar bayani, da niyyar fitar da ɗan littafi. A gefe guda kuma ya gyara kwanan wata guda biyu a wata maƙala, ya sa madogara, ba wanda ya taɓa masa.

Aikin gida ga mai iko: kafin Juma'a, zaɓi maƙala ɗaya a kan abin da ka sani, ka ƙara mata jimla ɗaya tak da madogararta. Wanda ya ci karo da matsalar da ba mu ambata ba ya turo, akwai 'yan uwa a cikinmu da suka daɗe a harkar, za mu haɗa ku. Ka gyara niyya kafin ka danna wallafa, domin ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin bawa har kabari, ƙaryar da aka yaɗa ita ma tana bin mai ita.

Allah Ya sa mu dace, Ya tsare alƙalumanmu da harsunanmu, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.