Darasi: Abin da ke hana bidiyo buɗewa a Windows 7 Enterprise, da manhajojin da ke gyara shi

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, tallafin tsaro na kuɗi da kamfanoni suka riƙa saye kuma ya ƙare a Janairun 2023. Duk da haka har yanzu akwai ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu da ke aiki da Windows 7 Enterprise, sau da yawa domin wata tsohuwar manhajar aiki ko na'urar buga takardu ba ta tafiya a kan sabuwar Windows. Ƙorafin da aka fi ji daga masu irin wannan kwamfuta shi ne bidiyo ya ƙi buɗewa, ko murya ta fito babu hoto, ko hoton ya riƙa tsinkewa. Matsaloli uku ne mabambanta ke jawo wannan, kowacce da maganinta. Wanda ya hau girka manhajoji kafin ya gane wacce ke damunsa zai iya ƙara wa kwamfutar ciwo.

Mazubi da kodek

Kowane fayil na bidiyo yana da mazubi, wato abin da ake gani a ƙarshen sunansa, kamar MP4 ko MKV ko AVI. A cikin mazubin akwai hoto da sauti da aka dunƙule da wata dabara da ake kira kodek, kamar H.264 ko HEVC ga hoto, AAC ko MP3 ga sauti. Mazubi kamar ambulan ne, kodek kuma harshen da aka rubuta wasiƙar da shi. Shi ya sa fayiloli biyu za su iya ƙarewa da MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi.

Windows 7 ta fito a Oktoban 2009, kuma Windows Media Player 12 da ke cikinta ya san H.264 da AAC da mazubin MP4 da MOV. Bai san mazubin MKV ba, bai san sautin FLAC ba. HEVC kuwa sai a 2013 aka amince da shi, shekara huɗu bayan fitowar Windows 7.

Matsala ta farko: Windows mai harafin N

A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya fitar da Windows wadda babu Windows Media Player a cikinta. Daga nan aka samu nau'ukan da ke ɗauke da harafin N a Turai, sai KN a Koriya ta Kudu bayan makamancin wannan hukunci. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su daga Turai kan iya zuwa da irin wannan Windows.

Abin da aka cire bai tsaya ga manhajar kallo ba. Har da ginshiƙin da ake kira Media Foundation, wanda wasu manhajoji ke jingina da shi. Alamomin su ne: wata manhaja ta ce ba ta ga mfplat.dll ba, Firefox ya kasa kunna wasu bidiyoyi, ko a jona wayar Android da kebul ta ƙi nuna fayilolinta.

Ana ganewa ta hanyar danna Start, a rubuta winver, a danna Enter. Idan an ga Enterprise N ko KN, maganin shi ne Media Feature Pack na Microsoft, mai lamba KB968211. Kafin a girka shi, a danna Computer da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties, a duba ko kwamfutar 32-bit ce ko 64-bit, domin kowacce da fayil ɗinta. A karɓe shi daga Microsoft ko daga sashen kula da kwamfutoci na ma'aikata, a girka, a sake kunna kwamfutar. A Windows Server 2008 R2, wadda tushensu ɗaya da Windows 7, makamancin wannan shi ne kunna Desktop Experience ta cikin Server Manager.

Matsala ta biyu: kodek ɗin da Windows ba ta sani ba

Idan babu harafin N, ko an girka wancan kunshin amma wani fayil ya ci gaba da ƙi, to kodek ne. Hanya mafi sauƙi ita ce VLC, manhajar kyauta ta ƙungiyar VideoLAN, wadda ta faro a matsayin aikin ɗalibai a Faransa. VLC na zuwa da kodek ɗinsa a jikinsa, ba ya taɓa na Windows, kuma jerin 3.0 da ya fara fita a 2018 yana aiki a Windows 7. Yana buɗe MKV da FLAC da HEVC. Idan aka danna Ctrl da J lokacin da bidiyo ke tafiya, zai nuna sunan kodek ɗin. Manhajar MediaInfo ma tana ba da wannan bayani dalla-dalla.

Sai dai VLC kansa kawai yake yi wa aiki. Bidiyon da aka saka cikin PowerPoint, misali, ba zai amfana da shi ba. Irin wannan ne ke sa wasu girka K-Lite Codec Pack, wanda ke ƙara kodek a cikin Windows ɗin kanta. Yana aiki, amma kada a haɗa kunshi biyu a kwamfuta ɗaya, domin sukan yi karo har abin da ke buɗewa da can ya daina. A kwamfutar ma'aikata kuma, sai da izinin mai kula da ita.

Matsala ta uku: ƙarfin kwamfutar

Wani lokaci bidiyon zai buɗe, amma ya riƙa tsayawa, fanka na ihu. Nan manhaja ba ta da laifi. Masarrafan Intel sun samu cikakken sashe na musamman mai warware HEVC ne daga zubi na shida, a 2015. Waɗanda suka girme shi da ƙarfin tuwo suke yin aikin, bidiyon 4K kuwa ya fi ƙarfinsu.

Mafita ita ce a juya fayil ɗin zuwa H.264. A VLC, a shiga Media, a zaɓi Convert / Save, a ɗauko fayil ɗin, a zaɓi tsarin H.264 cikin MP4. Zai ɗauki lokaci a tsohuwar kwamfuta, fayil ɗin kuma zai iya ƙara nauyi. Ya fi sauƙi a tare matsalar tun daga tushe: wayoyin iPhone sun koma ɗaukar bidiyo da HEVC tun daga iOS 11 a 2017, amma a Settings, Camera, Formats, zaɓin Most Compatible yana mayar da su H.264.

Tarkon kodek na bogi

Duk shafin intanet da ya ce sai an sauke wani kodek kafin a kalli bidiyonsa, a rufe shi. Tsohuwar dabara ce: tun a 2005 muguwar manhajar Zlob ta riƙa shiga kwamfutoci da sunan kodek. Haɗarin ya fi yawa a Windows 7, wadda ba a ƙara toshe mata ƙofofin tsaro, kuma Chrome ya tsaya a kanta a lamba 109. Kwamfutar ofis na ɗauke da takardun albashi da bayanan abokan ciniki, bai kamata a yi cacar su a kan bidiyo ɗaya ba. A sauke VLC daga videolan.org kaɗai, zai fi kyau ma a yi hakan a sabuwar kwamfuta, a kawo shi a filas mai tsabta.

Waɗannan manhajoji suna sa tsohuwar kwamfuta ta buɗe sabon bidiyo, amma ba sa mayar mata da tsaron da ta rasa. Ma'aikatar da dole ta ci gaba da riƙe Windows 7 saboda wata na'ura, gara ta cire kwamfutar daga intanet har zuwa ranar da za ta sauya ta.