Ƙarin Gashin Ido: Ba Ruwa Ne Ke Zubar Da Shi Ba

A cikin matan da ke dawo mini shago da ƙorafin gashin idonsu ya zube tun sati biyu bai cika ba, mafi yawa in na duba abu ɗaya nake tararwa: gindin gashin ya cushe da kwantsa, kwalli da maiƙo. In na tambaya, sai a ce, "Wallahi Anti tsoro nake kar ruwa ya taɓa shi." 'Yan uwa, wannan tsoron ne ke cinye muku kuɗi.

Gam ɗin da muke aiki da shi, sinadarinsa sayano'akirilet ne, kuma danshin iska ne ke sa shi ya kama. Shi ya sa muke cewa a kiyaye tururi da ruwan zafi na awa 24 zuwa 48 bayan an saka. Da zarar ya gama kamawa, ruwa ba ya yi masa komai. Mai ne ke sassauta shi. Basilin, man kaɗanya, man zaitun, maiƙon da fatar ido ke fitarwa da kanta, duk a hankali suke shiga tsakanin gam da gashi. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani, don mace za ta lafta mai a fuska saboda bushewa, ya gangaro har gindin gashin. A ɓangarenmu ma hunturun yana da wahala, domin iska ta bushe, gam ba ya kamawa da wuri. Mai kwalliyar da ta san aikinta tana lura da danshin ɗakin kafin ta fara.

Don haka, da zarar gam ya kama, ki wanke gashin idon kullum don mai da datti kada su taru. Ki samu sabulun kumfa na gashin ido marar mai, ki goga a hankali da burushi mai laushi, ki ɗauraye, ki bar shi ya sha iska, sannan ki taje da ɗan burushinsa. Kada ki sa auduga, zarenta na maƙalewa ya fizge. Wannan wankin ba don kyau kaɗai ba ne. Dattin da ya taru a nan shi ke kawo ƙaiƙayi, kumburin bakin fatar ido da hazbiya, kuma na sha mayar da mata gida ban yi musu cikon gashin da ya zube ba saboda haka.

Ki rage murza ido, ki daina kwanciya rub da ciki. Maskara kuwa ki ajiye ta gaba ɗaya.

Amare, ku saurara da kyau. A gama dilka, halawa da turaren jiki tukuna, gashin ido ya zama na ƙarshe, kwana ɗaya ko biyu kafin kamu. Gashin na roba ne, zafin kasko ko hucin murhu yana lanƙwasa bakinsa, kuma in ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Ko kin kiyaye duk wannan, za ki ga ɗaiɗaiku suna faɗuwa. Kowane gashin ido na halitta yana da wa'adinsa, in ya faɗi sai ya tafi da wanda aka liƙa masa. Ciko bayan sati 2 zuwa 3 shi ne daidai. Wadda ta yi miki alƙawarin wata biyu ba ciko, ki tambaye ta wane gam take sawa, don akwai masu amfani da baƙin gam na liƙa gashin kai, wanda bai kamata ya kusanci ido ba sam. Haka kuma gashi mai tsawo da nauyi fiye da ƙarfin naki yana karya na halittar.

In kin gaji da shi, ki dawo a cire miki da maganin cirewa, kada ki tsige da hannu. In ido ya yi ja, ya kumbura ko yana zafi, a cire a ranar, ki wuce wurin likitan ido.