Haƙori da Mota a Rana Ɗaya

Tambaya: Ni direba ne a Faskari. Da safe likita ya ce sai an yi wa haƙorina ciko, da yamma makanike ya ce giyar motata ta lalace. Kuɗina ba zai isa duka biyun ba, barci ya ƙaurace mini. Wanne zan fara?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Fara da haƙorin. Mota tana iya yin mako a gareji ba ta ƙara lalacewa ba, amma ruɓaɓɓen haƙori idan ya tara mugunya, kumburin kan sauka muƙamuƙi har wuya, kuɗin ya ninka. Nemi asibitin gwamnati a Funtuwa. In abin ya gagara, akwai asibitin Shika a Zariya. Tambayi kuɗin ciko da na cirewa tun kafin ka zauna. Maganin kemis lafar da zogi kawai yake yi.

Ita kuwa giya, nuna wa wani makaniken. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kayan gyara suka yi tsada, don haka nemi ta hannu, ku shirya biya kashi-kashi, ko ka roƙi ɗaukar adashe da wuri. Kada dai ka yi gyaran jeka-na-yi-ka: hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ba wurin tsayuwar mota ba ce da magariba.