"Wa Ya Biyo Ka?": Shawara Ga Mai Son Zama Ɗan Tsere

Duk baligin da ya taɓa fita gudu da sassafe a Kiru ko Tudun Wada ya san tambayar nan: "Lafiya? Wa ya biyo ka?" A wajenmu babba ba ya gudu sai in gobara ce ko an yi ihun ɓarawo. Kunyar wannan tambaya ta fi ciwon ƙafa mayar da masu farawa gida.

To, ka amsa, kada ka sunkuyar da kai. Sassauta ka ce, "Ina kwana Baba, motsa jiki nake yi." Jibi ma ka sake bi ta wurin bayan sallar asuba. Mai shayin da ke hura wuta a bakin tasha zai yi maka dariya a makon farko, amma in ka ɗore, shi zai fara cigiyarka ranar da bai gan ka ba. Daga nan ka zama "mai gudun nan", kuma mutum ba ya son zubar da sunan da gari ya ba shi.

Kada ka ce sai ka sayi takalmi mai tsada. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi. Ban ce ka kwaikwaye shi ba, hanyoyinmu da ƙaya. Kambas ɗin gwanjo ya wadatar.

Fara da gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, har minti ashirin, sau uku a mako. Ka riƙa rubuta kowace fita a ɗan littafi. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka iya ba, buɗe shi ka ƙirga.

Mutanen Doguwa kuwa ku daina raina duwatsun Riruwai. 'Yan Pankshin na Filato, da suka yi suna cikin 'yan Najeriya a gasar Legas mai kilomita 42 da aka fara a 2016, a kan tuddai suke atisaye. Na Bebeji ga hanyar Tiga. Sai dai a guji babban titi wajen Kwanar Dangora saboda tireloli, kuma kada kowa ya kutsa dajin Falgore shi kaɗai. Mata su haɗu su uku ko huɗu, da hijabinsu, su nemi izinin shugaban makarantar unguwa su zagaya fili kafin ɗalibai su iso.